Bakin Aro

Aikina buɗe cikin na'ura ne.
Kafin Valparaíso ta wanke ido,
kafin tsuntsayen teku su soma gardama kan kawunan kifi,
nakan gangaro daga tudunmu da jakar kayan aiki,
in zaga injinan cirar kuɗi ɗaya bayan ɗaya
kamar ungozoma mai duba masu jego.

Ranar wata Talata, a kusurwar kantin magani,
na ga bakin injin ya yi kauri.
Ba da yawa ba. Kaurin farce.
Na kama, na girgiza,
sai ya biyo hannuna kamar haƙorin yaro:
baki a kan baki,
fenti iri ɗaya, har da 'yar koriyar fitila.
Kura ta samu fatar akuya daidai wuyanta.
Can sama, inda kowa ke zaton kan ƙusa ne,
wani ido, bai kai ƙwayar barkono ba,
ya kwana goma sha ɗaya yana kallon yatsun mutane.

Baki na lasar kati, ido na haddace lamba.
Ba wuƙa, ba ihu, ba haura katanga.
Sata ce mai ladabi,
ta miƙo maka kuɗinka, ta ba ka rasit,
har ta yi maka godiya.

Mutum ɗari biyu da bakwai suka bi ta nan.
Ɗaya na sani.
Baldomero Oyarzún, maƙwabcina,
shekara talatin da takwas yana ɗaure jirage a tashar ruwa,
tafin hannunsa ya fi igiyar kaushi.
Fanshonsa kan shigo ran biyar ga wata.
Ran shida aka kwashe shi a Antofagasta,
garin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba,
ƙarfe uku na dare, sau huɗu a jere,
yana barci,
katin na aljihun rigar da ya rataye a bayan ƙofa.

"To ta yaya, Ximena? Ga shi nan fa.
Ko Eduvigis ban faɗa wa lambar ba
har ƙasa ta rufe mata ido."
Yana juya katin gaba da baya
kamar mai neman inda jini ke fita.

Na ce, baba, ba katin aka ɗauka ba, inuwarsa ce.
A wani ɗaki aka haifa masa ɗan'uwa
da ba ku haɗa uwa ba.

Mun kira banki, aka toshe kafar.
Mun cike takardu har biro ya ƙafe.
Mako bakwai yana cin wake bashi a kantin Filomena
kafin a maido masa, ba duka ba.

Da yamma, a kan matakalar unguwa, na koya masa abin da na sani.
Taɓa baki kafin ka ba shi abinci;
in yana rawa, wuce.
Injin da ke cikin banki ya fi na lungu mai duhu.
Rufe yatsunka ko da kai kaɗai ne,
bango ma ya yi ido yanzu.
Shekarar haihuwarka ba sirri ba ce, canza ta.
Wanda ya bugo waya yana neman lamba,
ko muryarsa zuma ce, kashe.
Na sa wayarsa ta riƙa tari
duk sanda feso ɗaya ya motsa a asusunsa.

Ya yi shiru, yana kallon jiragen da ba shi ya ɗaure ba.
"Da can," ya ce, "ɓarawo yakan zo da ƙafarsa.
Ko ba komai, ka ga fuskar da za ka tsine wa."

Yanzu duk biyar ga wata
sai ya kifa hularsa a kan maɓallai,
ya kama bakin injin da hannun nan na igiya,
ya ja, ya murɗa, ya sake ja,
masu layi na tsaki, ko a jikinsa.

Watan jiya ya ja har ya ɓalle na gaske.
Ni aka kira gyara.
A rahoto, gurbin dalili,
na rubuta: iskar teku.